Daji, Gona da Ajiyar Kabon a Ƙasar Tiga

Gabatarwa

Ƙasar da wannan maƙala ta shafa ita ce kudancin Jihar Kano, wato daga Bebeji da Ƙiru, a bi ta Tudun Wada, har zuwa Doguwa inda duwatsun Riruwai suke, kusa da iyakar Jihohin Kaduna da Bauchi. Kogin Kano ya ratsa wannan ƙasa daga kudu zuwa arewa, kuma a kansa ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga. Yawancin abin da aka rubuta game da yankin ya tsaya ne a kan sarauta da yaƙe-yaƙe da noman rani. A nan kuwa za a duba tarihin itatuwansa da ƙasar nomansa, ta fuskar wani abu da duniya ta damu da shi a yau, wato sinadarin kabon: inda yake ajiye, da yadda yanayi da hannun mutane suka yi ta ƙara shi ko rage shi cikin shekaru kimanin 200.

Ma'anar kabon da inda yake zama

Duk wanda ya taɓa riƙe gawayi ya riƙe kabon, domin gawayi kusan zallarsa ne. Tsiro yana zuƙo shi daga iska ta ganyensa, ya haɗa shi da ruwa ta hanyar hasken rana, ya gina jikinsa da shi. Idan aka busar da itace aka auna, kimanin rabin nauyinsa kabon ne. In an ƙone itacen, ko ya ruɓe, ko gara ta cinye shi, sai kabon ɗin ya koma sama a matsayin iska, kuma kowane tan ɗaya na kabon yana zama tan 3.67 na wannan iska. Ita ce ke riƙe zafin rana a duniya kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu yawanta a sararin sama kashi 280 ne cikin miliyan, amma zuwa shekarar 2024 ya haura 420.

Rumbu biyu ne ke ajiye kabon a doron ƙasa. Na farko shi ne abin da ido ke gani, wato itatuwa da ciyayi. Na biyu shi ne cikin ƙasar kanta, inda saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi ke haɗuwa su ba ta duhun launi da laushi. Manomi ba ya kiransa kabon, cewa yake gonar tana da ƙarfi, in kuwa ya ƙare sai ya ce ta gaji ko ta mutu. A lissafin duniya baki ɗaya, wannan rumbu na biyu ya fi na tsirrai da na iska a haɗe.

Ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, waɗanda suka kai kimanin kashi 41 cikin 100 na faɗin tudun duniya, suna da wahalar cika waɗannan rumbuna. Damina gajeriya ce, don haka tsiro ba ya samun lokacin girma. Zafi yana hanzarta ruɓewa, gara tana aiki rani da damina, ga kuma wutar daji. Binciken da M. J. Jones ya yi a Samaru ta Zariya a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa kabon da ke saman ƙasar noma a wannan yanki na Afirka ta Yamma galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan ruwan sama da yawan yumɓu a cikin ƙasar. A nan ne kudancin Kano ya yi sa'a. Birnin Kano yana samun abin da bai kai milimita 900 ba a matsakaicin lissafi na tsawon shekaru, amma daga Tudun Wada zuwa Doguwa ruwan yakan haura milimita 1,000. Shi ya sa ake ganin doka da maje da kirya da marke a can, itatuwan da ba a saba ganin dajinsu a Ɗambatta ko Kunci ba.

Kafin zuwan Turawa

Kuskure ne a ɗauka cewa kudancin Kano duk baƙin daji ne a da. Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake daga Zazzau zuwa Kano, kuma Bature Clapperton da ya bi ta nan a 1826 ya tarar da babban gari a tsakiyar gonaki masu faɗi. Irin wannan ƙasa ita ake kira karkara: ana noma ta kowace shekara, ana zuba mata taki, kuma ba a rasa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da gawo a tsaye a cikinta. Waɗannan itatuwa ba su tsira don an manta da su ba. Kowace tana da mai ita, ana gadonta, wani lokaci ma mai bishiya daban, mai gona daban. Daddawa da man kaɗe da miyar kuka su ne ladan barin su. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa amfanin gona inuwa, kuma dabbobi suna taruwa a gindinsa da rani suna barin kashi.

Can kudu labarin ya bambanta. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 hare-haren Ningawa, a ƙarƙashin shugabanni irin su Ɗanmaje da Haruna, suka addabi kudanci da kudu maso gabashin masarautar, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya shafe shekaru yana fama da su. Mutane suka tattara a garuruwa masu ganuwa, gonakin nesa suka koma saura, saura ta koma daji. Ga kuma ƙudan tsando a kurmin bakin rafuka, wanda ya hana mutum da saniya sakewa. Saboda haka wani ɓangare na dajin da Turawa suka tarar a Kogin Kano, rashin zaman lafiya da cuta ne suka raine shi. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma ya kamata mai koyar da tarihi ya san ta, don kada yara su ɗauka cewa daji ya kasance a haka tun fil azal.

Ba a rasa masu cin itace ba a wancan zamani. Maƙera da masu narka tama suna bukatar gawayin kirya, kuma a Riruwai an daɗe ana narka kuza da gawayi tun kafin kamfanonin Turawa su zo. Sai dai abin da jaki da kan mutum za su iya ɗauka yana da iyaka, daji kuma yana samun shekarun da zai mayar da abin da aka cire masa.

Gyaɗa da gandun daji

Sojojin Ingila sun ci Bebeji a farkon Fabrairun 1903 a kan hanyarsu ta zuwa Kano. Cikin shekaru goma da suka biyo baya abubuwa uku suka sauya fuskar ƙasar. Hare-hare sun tsaya, mutane suka fita daga ganuwa suna sabon sara. An tsananta karɓar haraji da kuɗi, wanda ya tilasta wa manomi shuka abin sayarwa. Sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, cinikin da ɗan Bebeji, Alhassan Ɗantata, ya zama jigonsa. Gyaɗa tana da wani hali da ya shafi batunmu. Ana tuge ta ne gaba ɗaya, ƙwaya ta tafi Ikko, harawa ta tafi gida, gona ta kwana tsirara har wata damina. Inda harawar ta dawo a matsayin taki, ƙasa ba ta yi asara sosai ba. Inda gona ta yi nisa da gida kuwa, abin da aka kwashe ya tafi ke nan.

Fari ma bai bari an huta ba. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Kano, ta kuma tura wasu kudu neman inda ruwa ya fi.

A shekarun 1930 Turawa suka shiga fargabar hamada. Wani masanin daji mai suna Stebbing ya rubuta a 1935 cewa Sahara na gangarowa kudu, amma kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya zagaya kan iyaka a 1936 da 1937 bai ga shaidar hakan ba. Duk da haka manufar keɓe gandun daji ta samu ƙarfi, kuma a shekarun 1940 aka keɓe dajin Kogin Kano. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ɗaga matsayinsa zuwa wurin kare namun daji, shi ne Falgore, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 900, wanda ya shafi Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Babu wani rumbun kabon na itace a Jihar Kano da ya kama ƙafarsa.

Abin lura shi ne, gwamnati ɗaya ce ke tsare daji a nan tana sare shi a can. A Anchau ta ƙasar Zazzau, maƙwabciyar wannan yanki, an fara wani shiri a 1937 na share kurmin bakin rafuka don kawar da ƙudan tsando da ciwon barci, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. An ceci rayuka, ba shakka, amma kurmin bakin rafi shi ne wurin da itace ya fi kauri, ƙasa ta fi baƙi.

Keɓe gandu ya zo da wani sauyi da ba a auna nauyinsa ba a lokacin. A da dagaci da sarkin daji da maharba da makiyaya duk suna da bakin magana a kan dajin da ke kusa da su. Da aka shata iyaka aka sa malaman daji, sai ya zama na En'e, daga baya na gwamnati. Muddin hukuma tana da ƙarfi da ma'aikata, tsarin ya yi aiki. Ranar da ƙarfin ya ragu, sai aka wayi gari daji ba shi da mai kishinsa a kusa, tunda an riga an koya wa maƙwabtansa cewa ba nasu ba ne.

Fari da madatsa

An fara gina madatsar Tiga a 1971, aka gama a 1974, wato aikin ya faɗo daidai da babban farin 1972 zuwa 1974. A 1973 ruwan da ya sauka a Kano bai kai milimita 500 ba. Wanda ya ga wannan shekara ba zai yi mamakin yadda jama'a suka karɓi madatsar hannu bibbiyu ba. An tsara tafkin ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2 a kan faɗin murabba'in kilomita 178, kafin a rage tsawon mafitar ruwansa a 1992 saboda tsaron lafiyar ginin. Mutane fiye da 10,000 aka tasa daga gidajensu.

Ta fuskar kabon, madatsar ta taɓa wurare uku. Na farko, fadamu da kurmin da ruwa ya shanye, waɗanda su ne mafi ƙarfin ƙasar kwarin. Itace da ciyawa da suka ruɓe a ƙarƙashin ruwa suna fitar da iskar metan, wadda ta fi iskar kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. Na biyu, filayen noman rani na Kadawa, a yankin Kura da Garun Malam da Bunkure, inda aka tsara hekta 22,000 a kashin farko. Don ruwa ya bi kwalbati ya shiga kowace gona, sai da katafila ta baje ƙasa, ta tumɓuke ɗorawa da tsamiya waɗanda suka girmi kakannin masu gonakin. An biya diyyar itatuwa, amma diyya ta shekara ɗaya ce, ɗorawa kuwa kowace shekara take haihuwa. Na uku, can ƙasa a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, dazuzzukan da ke rayuwa da ita suka bushe a wurare da dama, daga baya kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa.

Ba ana nufin madatsar ba ta yi amfani ba. Shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa, da ruwan shan birnin Kano, duk albarkacinta ne. Abin da ake cewa shi ne, ba a taɓa sa itace da ƙarfin ƙasa a cikin lissafin riba da asara ba, domin a wancan lokaci babu wanda ke ganin suna da farashi. Waɗanda aka tasa kuwa dole su nemi gona, kuma sabuwar gona daga daji take fitowa.

Farin 1983 da 1984 ya ƙara tsananta lamarin. Itatuwa sun mutu a arewa, makiyaya suka gangaro da shanu zuwa Falgore da kewayensa, ana sassaƙe rassan maɗaci da maje da gawo don ciyar da dabbobi. Amma a ganina fari bai yi wa dajin kudu ɓarnar da gatari da garma suka yi masa ba. Itacen wannan yanki ya saba da wuya. In an sare shi ko wuta ta ci shi, saiwarsa tana nan da rai a ƙasa, kuma yakan tofo in an ƙyale shi. Abin da ba ya jurewa shi ne a tone kututturen, ko a riƙa cinna masa wuta a ƙarshen rani kowace shekara. Gwajin da aka fara a Kokondekro ta ƙasar Kwaddibuwa a 1936 ya tabbatar da abin da maharbanmu suka sani: wutar farkon kaka, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, tana barin itatuwa, amma wutar bazara tana mayar da daji fili.

Itacen girki, gawayi da masara

A shekarun 1980 wasu malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore da J. A. Falola, suka binciki yadda birnin Kano ke samun itacen girki, aka buga sakamakon a 1990. Abin da suka gano ya saɓa wa zaton mutane da yawa. A karkarar da ke kewaye da birni, inda jama'a suka fi cunkoso, yawan itatuwan gona bai ragu ba duk da fari, a wasu wurare ma ƙaruwa ya yi. Manomi yana sassaƙe reshe ya sayar, amma ba ya kashe uwar. Itacen da birni ke ƙonawa kuwa ya koma zuwa cikin manyan motoci daga dazuzzuka masu nisa, galibi ta kudu, inda mai sara ba shi da dalilin tausaya wa bishiyar da ba tasa ba.

Wannan, a fahimtata, shi ne mabuɗin tarihin kabon a ƙasar Tiga. Yawan jama'a yana da tasiri, tunda mutanen Jihar Kano sun tashi daga miliyan 5.8 a ƙidayar 1991 zuwa miliyan 9.4 a ta 2006. Amma da yawan mutane kaɗai ne ke kashe itace, da karkarar Kano ce za ta fara zama fako, ba gefen Falgore ba. Bishiyar da ke da mai ita ta tsira a tsakiyar cunkoso, wadda ta zama ta kowa da kowa kuma ta faɗi a inda mutane ba su da yawa.

Gawayi ya fi itace ɓarna, domin a irin ramin da ake ƙona shi a daji, buhu ɗaya yana cin itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye, kuma manyan itatuwa masu tauri irin kirya ake nema. Duk lokacin da kananzir ko gas suka yi tsada, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin man fetur a 2023, sai buhunan gawayi su ƙaru a bakin titin Kano zuwa Jos.

Masara ma ta taka rawa. Daga ƙarshen shekarun 1970, takin zamani mai rahusa da ingantaccen iri suka mayar da Tudun Wada da Doguwa ƙasar masara. Masara ba ta son inuwa, tarakta da garmar shanu ba sa son kututture, don haka sabuwar gona sai a share ta ƙal, ba kamar tsohuwar karkara ba. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya mayar wa ƙasa abin da ta rasa. Gwajin da aka fara a gonar Samaru tun 1950 ya nuna cewa filin da ake noma kullum ba tare da takin gargajiya ba kabonsa raguwa yake yi, wanda ake zuba wa kashin shanu kuwa ya fi riƙe ƙarfinsa. A da Bafulatani yana sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, har mai gona ya ba shi dawa. Yanzu kara da harawa kayan sayarwa ne, burtali da yawa sun shige cikin gonaki, wannan musaya ta yi rauni. Matsugunin makiyaya da gwamnatin Ganduje ta kafa a dajin Ɗansoshiya na Ƙiru yunƙuri ne na zaunar da su wuri ɗaya, amma zai amfani ƙasa ne kawai idan takin da ke taruwa a can ya sami hanyar komawa gonaki.

Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya farfaɗo, sai dai yakan zo da ƙarfi a lokaci guda. In irin wannan ruwa ya sauka a gonar da ba ta da itace ko ciyawa, saman ƙasa yake kwashewa, wato inda kabon ya fi yawa, ya zuba shi a rafi, rafi ya kai shi tafkin Tiga. Ɗaya daga cikin amfanin Falgore tun asali shi ne tare wannan laka, saboda haka duk hektar da aka sare a can tana rage wa madatsar kwana.

Bishiyar gona a lissafin duniya

A 2023 wasu masana suka buga sakamakon ƙidayar itatuwa ɗaya bayan ɗaya ta hotunan tauraron ɗan'adam, a busasshen yankin Afirka daga Tekun Atilantika zuwa Bahar Maliya. Sun ƙirga itatuwa biliyan 9.9, masu ɗauke da kabon kimanin tan miliyan 840. Da yawa daga cikinsu a warwatse suke a gonaki da makiyaya, irin waɗanda taswirar gandun daji ba ta taɓa ƙirgawa ba.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna abin da hakan ke nufi a aikace. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma a can suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a ƙone duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma. Abin ya bazu ne sosai bayan da malaman daji suka sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar ta wannan hanya, a ƙasar da ruwanta bai fi rabin na Doguwa ba.

Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, a shekarar kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa, ciki har da Kano. Ana kuma ta maganar kasuwar kabon, inda kamfanonin ƙasashen waje ke biyan kuɗi don a bar itace a tsaye. Tambayar da za ta taso a Doguwa da Tudun Wada ita ce wa za a biya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna, Falgore kuma na gwamnati ne, alhali ɗorawar da ke gonar Bebeji a al'ada ta magada ce, kuma yawancinsu ba su da wata takarda da ke nuna haka.